Gyambon Mai Hula: yadda cutar bakteriya ta shiga tankin kifin zinare huɗu

Hoton da ƙanwata ta turo min da daddare bai fito sosai ba, amma abin da nake son gani ya fito. A gefen hagu na kifin, ƙasa kaɗan da fiffiken gadon bayansa, akwai wani jan wuri mai faɗin farcen ƙaramin yatsa. Tsakiyarsa ta loɓa, bakinsa ya yi fari-fari, ɓawo biyu ko uku sun tashi tsaye. A ƙasan hoton ta rubuta: "Yaya, kwana huɗu ke nan ina zuba magani, abin sai gaba yake yi. Wane magani ne ya fi wannan ƙarfi?"

Ban ba ta sunan wani magani ba. Na tambaye ta yaushe rabonta da auna ruwan. Ta ce ba ta taɓa aunawa ba, ai ruwan garau yake, har ana ganin tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Washegari da safe na ɗauki kayan awo na tafi.

Tankin da abin da ya faru kafin zuwana

Tankin gilashi ne mai cin lita 120, amma idan aka cire wurin da tsakuwa da kayan ado suka cinye, ruwan da ke ciki bai wuce lita 100 ba. Kifi uku ne suka shekara biyu a ciki ba tare da wata matsala ba. Yara sun raɗa musu suna: Mai Hula, irin oranda mai tarin nama a ka, Duna, baƙin nan mai idanu waje, sai Dogo, mai dogon bindi. Na huɗun, wanda ake kira Baƙo, mako uku ke nan da zuwansa. Daga ledar da aka sayo shi aka juye shi kai tsaye, har da ruwan ledar.

Sai da na yi ta jan ta da tambaya kafin sauran labarin ya fito, domin a ganinta ba shi da alaƙa da ciwon. Kwana goma sha biyu kafin zuwana ta lura matatar ruwan ta rage gudu. Ta cire soson ta wanke shi tas a bakin famfo har ya dawo fari kamar sabo, ta kwashe tsakuwar ta ɗauraye, ta zubar da ruwan gaba ɗaya ta sa sabo. Bayan kwana biyu kifayen suka fara goga jikinsu da tsakuwa kamar masu ƙaiƙayi. Daga nan jajayen layuka suka fito a bindin Dogo, bakin fikafikansa ya fara zarewa kamar tsohon tsumma. Duna ya koma kwanciya a ƙasa. A ƙarshe jan ɗigo ya bayyana a jikin Mai Hula, ya buɗe ya zama gyambo.

Abu biyu ta yi don ta ceto su. Ta sayo maganin eritromaisin, wani antibayotik, ta riƙa zubawa a babban tankin, sannan ta sa na'urar ɗumama ruwa ta kai shi digiri 28, saboda ta karanta cewa zafi yana kashe cutar kifi. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ga wata cuta daban ake yin haka, wato cutar fararen ɗige-ɗige, wadda wani ƙwaro ne ke kawo ta. Ga bakteriya kuwa zafin nan taki ne.

Abin da awo ya nuna

Amoniya ta tsaya tsakanin miligiram 1 da 2 a kowace lita. Naitirait ta kusa 1. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya nuna 7.8. A tankin da ke da lafiya, amoniya da naitirait sifili ya kamata su nuna, ba kaɗan ba, sifili.

A nan ne na zaunar da ita, domin duk abin da ya biyo baya a kan wannan ya dogara. Kifin zinare, wanda masana ke kira Carassius auratus, maciyi ne kuma mai yawan ƙazanta. Yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa wanda yake numfashi da shi, ragowar abinci da kashi su ma suna ruɓewa su ƙara. Abin da ke hana shi mutuwa cikin dafin kansa wasu bakteriya ne masu amfani da suke zaune a cikin soson matata da jikin tsakuwa. Wasu, irin su Nitrosomonas, suna juya amoniya ta koma naitirait. Wasu, irin su Nitrospira, suna juya naitirait ta koma naitiret, wadda dafinta kaɗan ne kuma canjin ruwa yake rage ta. Sunayen biyun sun yi kama, aikinsu a jikin kifi kuwa ko kusa. Wannan runduna tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu a sabon tanki, amma kulorin ɗin ruwan famfo yana iya karya ta a wanki ɗaya. Datti mai ruwan ƙasa da ta wanke daga soson, ta ji daɗin ganinsa yana tafiya, a cikinsa suke zaune.

Sannan ga eritromaisin. Yawancin bakteriyar da ke sa kifin ruwan daɗi gyambo da zarewar fiffike, irin su Aeromonas da Pseudomonas da Flavobacterium, suna cikin rukunin da ba ya riƙe rini a gwajin nan da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, shi kuwa eritromaisin ƙarfinsa yana kan ɗaya rukunin ne mai riƙe rinin. Don haka bai taɓa mai laifin ba, amma ya samu ragowar bakteriyar matata da suka fara farfaɗowa ya ƙara danne su. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Zafin ma ya yi nasa aikin ta hanya uku. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Bakteriyar cuta suna hayayyafa da sauri a cikinsa. Na ukun shi ne wanda mutane ba su cika sani ba: amoniya kashi biyu ce a ruwa, mai dafi da mai sauƙi, kuma rabon mai dafin yana hawa idan pH da zafi suka hau. A pH 7.8 da digiri 28, kusan kashi 4 cikin 100 na amoniyar mai dafi ce. A pH 7 da digiri 20, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Adadi ɗaya a kwalbar awo, illa ninki goma.

Ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya, ni ce na jawo musu ke nan?" Na ce mata ni ma na taɓa wanke soso a famfo, kuma kusan duk mai kiwon kifi ya taɓa.

Kwana ukun farko: babu antibayotik ko ɗigo

Mun canza rabin ruwan nan take, da ruwan da aka sa wa maganin kulorin kuma zafinsa ya yi daidai da na tankin, muka maimaita da yamma, sannan kullum sau ɗaya. Mun sa sabon gawayin tacewa a matata don ya tsotse ragowar eritromaisin. Zafin kuma ba mu sauke shi lokaci ɗaya ba, digiri ɗaya zuwa biyu a rana har ya dawo 22. Mun ƙara dutsen iska na biyu, wato ɗan dutsen da ke fitar da kumfar iska cikin ruwa. Abinci mun tsayar da shi kwana biyu, abin da yara suka ɗauka zalunci ne. Kifin zinare ba ya galabaita don azumin kwana biyu, kuma duk ƙwayar abincin da ba a zuba ba amoniya ce da ba a samar ba. A rana ta uku na kawo rabin soson matatar tankina, a jiƙe cikin ruwansa, muka cusa a tata.

Sai gishiri. Tsantsarsa ake so, wanda ba a haɗa shi da komai ba, a narkar da shi a wani mazubi kafin a zuba. Mun fara da giram 1 a kowace lita, wato giram 100 a tankin, muka ƙara irinsa sau biyu da tazarar awa goma sha biyu har ya kai giram 3 a lita. Gishirin ba don ya kashe Aeromonas ba ne. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka ruwa kullum yana ratsawa cikin jikinsa, ƙodarsa kuma tana aikin fitar da shi ba dare ba rana. Fata da yauƙin jikinsa su ne katanga. Gyambo ɓaraka ce a katangar, ruwa ya samu ƙofa. Idan aka ɗan ɗaga gishirin ruwan, nauyin da ke kan ƙoda yana raguwa. Amfaninsa na biyu a kan naitirait ne, wadda ke shiga jini ta mashaƙa ta mai da shi ruwan ƙasa ya kasa ɗaukar iska. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri yana tare mata hanyar shiga. Abin lura ɗaya: gishiri ba ya bin tururi ya fita, don haka idan an canza lita 50, na lita 50 kawai za a mayar. Kuskurena a nan shi ne ban tuna da ganyayen da ta shuka a tankin ba. Cikin mako ɗaya suka narke.

Dogo tun a rana ta uku ya ɗaga fikafikansa, jajayen layukan suka fara dushewa. Gyambon Mai Hula kuwa ya ƙara faɗi, har ana hango jan nama a tsakiya. Shi ruwa mai kyau kaɗai ba zai ishe shi ba.

A gaban likitar dabbobi

Mun kai Mai Hula da Duna a bokiti mai murfi. Likitar ta sa Mai Hula cikin ruwan maganin barci har ya kwanta gefe, ta ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tawul, ta ɗan kankari yauƙin jikinsa da bakin siririn gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin likita. Ta ce mu leƙa. Wasu tsutsotsi ne masu haske kamar ruwa, suna miƙewa suna lanƙwashewa, kowanne da ƙugiyoyi a gindinsa. Gyrodactylus ke nan, tsutsar fata. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, shi ya sa take cika tanki cikin 'yan kwanaki. Da ƙugiyoyin nan take maƙalewa tana huda fata, kifi ya ji ƙaiƙayi ya goga jikinsa da tsakuwa ya ƙara ƙujewa. Ga dukkan alamu Baƙo ne ya shigo da ita, shi kuwa ko a jikinsa.

Ni da na ga farin da ya kewaye gyambon na zaci cutar kolumnaris ce, wadda Flavobacterium columnare ke kawowa, mai kama da auduga ko fumfuna har mutane su yi ta zuba maganin fumfuna a banza. Likita ta ce a'a. A madubi bakteriyar kolumnaris dogaye ne sirara masu taruwa curi-curi kamar tarin ciyawa, kuma ba ta ga haka ba. Farin da na gani matacciyar fata ce kawai.

Ta shafi bakin gyambon da tsinken auduga don aika wa ɗakin gwaji, sannan ta goge mataccen naman ta ɗiga aidin, tana tare shi da yatsa kada ya gangara ido ko mashaƙa. Sau ɗaya ta yi wannan wankin, ta kuma gargaɗe mu kada mu maimaita a gida, domin sabuwar fatar da ke tsirowa siririya ce ƙwarai, kowane shafi yana kwashe ta. Ta auna nauyinsa, giram 64, ta lissafa allurar enrofuloksasin, wani antibayotik, daidai nauyin ta yi masa, za a maimaita bayan kowane kwana uku.

Ƙanwata ta ce, "Likita, ba za a iya zubawa a ruwa kawai ba?" Amsar da ta samu ta cancanci a tsaya a kanta. Kifin ruwan daɗi ba ya shan ruwa sai kaɗan, don haka magunguna da yawa idan an zuba su a tanki a fata suke tsayawa, ba sa isa cikin jini da yawan da ake buƙata. Ciwon da ya tsaya a bakin fiffike zai iya jin wankan magani. Wanda ya ci nama ya shiga ciki sai allura, ko maganin da aka cuɗa cikin abinci idan kifin yana ci. Mai Hula ya daina ci. Bayan haka zuba antibayotik a babban tanki zai sake rusa matatar da muke lallaɓawa.

Sakamakon gwaji ya dawo bayan kwana huɗu: Aeromonas ce, tana jin enrofuloksasin, ba ta jin oksitetrasaikilin. Wannan na biyun shi ne maganin da na yi niyyar ba ta shawarar saya da ba mu samu likita ba, ga shi kuma ko yana aiki, ruwa mai yawan kalsiyam da maganiziyam yana ɗaure shi ya rage masa ƙarfi. Likitar ta ƙara da wani bayani da na ji daɗinsa, domin ba kowa ke faɗa ba. Aeromonas hydrophila tana cikin kusan kowane ruwan daɗi, har da tankin da kifinsa ke cikin ƙoshin lafiya, saboda haka samunta a bakin gyambo ba ya tabbatar da ita ce ta fara ɓarnar. Akwai 'yar uwarta, wani nau'i na Aeromonas salmonicida, da aka sani da haddasa gyambon kifin zinare, amma tana jinkirin tsirowa a ɗakin gwaji har sauran su rufe ta. Ko wacce ce a cikinsu, ƙofa ta samu a buɗe: tsutsa ta huda fata, amoniya ta ƙona mashaƙa ta raunana garkuwar jiki, zafi ya ba ta gudu.

Don tsutsar aka ba mu firazikwantel, maganin nan da ake bai wa mutane na tsargiya, a zuba a babban tankin domin dukkan kifin sun ɗauka. Shi ba ya cutar da bakteriyar matata. Mun cire gawayin tukuna, in ba haka ba zai shanye maganin, muka maimaita bayan mako ɗaya saboda akwai 'yar uwar tsutsar, Dactylogyrus, mai zama a mashaƙa, wadda ƙwanta ba ya jin magani sai ya ƙyanƙyashe.

Likitar ta ga tsaga a yatsan ƙanwata ta ce ta riƙa sa safar hannu. Akwai Mycobacterium marinum, da ke iya shiga ta rauni daga ruwan tanki ta fito da ƙurji mai wuyar warkewa a hannun mutum. Ba kasafai ake kamuwa ba, amma safa ba ta da wahalar sawa.

Duna

Shi ma an yi masa allurar, amma tun a ranar likita ba ta ɓoye mana ba. Ba shi da gyambo ko ɗaya a waje, sai dai cikinsa ya kumbura, kuma idan aka dube shi ta sama ɓawon jikinsa duk ya tashi tsaye kamar ƙaiƙayin hatsi da aka baza. Alamar ƙoda ta gaza ke nan, ruwa ya taru a jiki, kuma kifin da ya kai wannan mataki da wuya ya dawo. Mun ware shi a wata roba mai dutsen iska. A rana ta shida ya kasa daidaita kansa, yana kwance gefe yana numfashi da ƙyar. Muka kaɗa man kanumfari a ɗan ruwan ɗumi, muka riƙa zubawa a hankali har ya yi barci, muka ƙara mai yawa, muka bar shi ciki fiye da rabin awa bayan murfin kumatunsa ya daina motsi. Na fi ganin wannan a kan barinsa ya kwana uku yana shan wuya, ko jefa shi a masai da ransa kamar yadda wasu ke yi.

Har yanzu ina tunanin da an auna ruwan a ranar da ya fara kwanciya a ƙasa, wataƙila da yana nan. Ya riga Mai Hula nuna alama, amma da yake baƙi ne, jan jini ba ya fitowa a jikinsa, hankalin kowa ya tafi kan gyambon da ido ke gani.

Yadda gyambon ya rufe

Mai Hula ya koma wata roba mai lita 40, babu tsakuwa babu ado, gishiri giram 3 a lita, ana canza rabin ruwan kullum. Bayan allura ta biyu jan da ke kewaye da gyambon ya fara komawa ruwan hoda. A rana ta tara ya ɗauki ƙwayar abinci ɗaya ya tofar, ya sake ɗauka ya haɗiye. A nan ne ƙanwata ta so a bar allurar, tunda ya warke, kuma kamun da ake yi masa yana ba ta tausayi. Likita ta ƙi, ni ma na goyi bayanta. Yanke magani a tsakiya yana barin bakteriyar da suka fi taurin kai su dawo, kuma su ne gobe ba za su ji maganin ba. Aka cika allura biyar. Wani farin yayan fata ya rufe ramin daga baki zuwa tsakiya, sai da na rantse mata ba fumfuna ba ce kafin ta ajiye kwalbar da ta ɗauko.

Bayan eritromaisin ɗin farko, Dogo bai ƙara shan antibayotik ko sau ɗaya ba, Baƙo ma haka. A mako na biyu ta kira ni hankali tashe wai bakin fikafikan Dogo ya yi baƙi ƙirin, sabuwar cuta ta ɓullo. Tabon ƙunar amoniya ne, yana fitowa ne lokacin da wurin ke warkewa, kuma ya goge da kansa cikin 'yan makonni. A gefen da ya zare, sabon fiffike ya tsiro garau kamar leda kafin launi ya biyo.

Amoniyar babban tankin ta sauka sifili a rana ta goma sha ɗaya, naitirait ta yi taurin kai har rana ta ashirin da uku. Daga nan muka bar mayar da gishiri, canjin ruwa na mako-mako ya wanke shi a hankali. Mai Hula ya koma cikin 'yan uwansa a mako na biyar. Ɓawon da ya tsiro a wurin ya fi sauran haske kuma bai jeru daidai ba, daga nesa ma ana gane shi.

Na gaya mata lita 100 ta yi wa manyan kifin zinare huɗu kaɗan tun farko, ukun da suka rage ma a matse suke, don haka ba a maye gurbin Duna ba duk da nacin yara. Robar lita 40 tana nan a ajiye, domin duk kifin da zai sake shigowa sai ya yi mako huɗu a cikinta tukuna. Soson kuma yanzu a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin take matse shi, rabi wannan mako, rabi wani, ya koma da launinsa na ƙasa-ƙasa. Makon jiya ta turo min hoton kwalaben awo uku jere a bakin taga, ba ta rubuta komai a ƙasa ba sai alamar tambaya. Amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret wajen 40. Na ce ta ƙara yawan ruwan da take canzawa, ta kuma rage hannu wajen abinci.